Na sayar da 'yan kunnena na sayi na'urar ji: abin da na gani a wata 14

Ranar da aka sallame ni daga ɗakin killacewa, ma'aikaciyar jinya ta tsaya a gabana tana magana ta cikin takunkumi, ni kuwa ina ta gyaɗa kai. Ko kalma ɗaya ban kama ba. Na ɗora laifin a kan takunkumin, na ɗora a kan gajiya, domin wanda ya yi kwana goma ana ɗura masa magani ta jijiya ba ya rasa abin zargi. Sai da muka iso gida autata ta rugo ta ƙanƙame ni, bakinta yana ta motsi, sannan na san ba takunkumi ba ne.

Ni malamar Islamiyya ce a nan Bauchi, shekara goma sha ɗaya ke nan ina karɓar haddar yara. Da kunne nake cin abinci. Yaro yana karatu ina gyara allon wani, amma da ya sa sinun a wurin sadun zan ɗago in ce "maimaita". To wannan kunnen zazzaɓin Lassa ya taɓa a watan Fabrairun 2024. Abin da zan yi magana a kai shi ne na'urar da ke maƙale a bayan kunnena na hagu yanzu, da wurin da aka gwada ni aka haɗa mini ita a Jos. Ba zan kama sunan wurin ba, ba kuma zan kama sunan kamfanin ba. Ina da yabo ina da ƙorafi, ba a biya ni talla ba, faɗa kuma ba na nema.

Ciwon ya fara kamar kowane zazzaɓi. Kyamis ya ce maleriya, na sha magani, ya ce taifod, na sha. Makogwaro ya kama ciwo, amai ya biyo baya, ƙarfi ya ƙare. Sai a kwana na takwas aka ɗebi jini aka ce Lassa ce. Mutane suna jin sunan sai su hango jini ta hanci ta baki; ni ko ɗigo ban zubar ba, kuma yawancin masu kamuwa haka suke, kusan takwas cikin goma ma ciwon bai cika tsananta musu ba. Daga ɓera take zuwa, ta fitsarinsa da kashinsa a kan abinci, kuma a rani ta fi tashi, tun daga Disamba har wajen Maris. Muna da ɗakin ajiya mai buhunan masara, ina kuma shanya a ƙasa kamar kowace mace a unguwar. Jiharmu tana cikin na gaba-gaba a kowace shekara, tare da Ondo da Edo da Taraba. An yi mini allurar ribavirin, an sa wa mutanen gidanmu ido kwana 21 ana auna zafin jikinsu, Allah ya tsare, ba wanda ya kamu.

A wajen sallama an zaunar da Baban yara an yi masa bayani: a rufe abinci, a toshe ramuka, a daina shanya a ƙasa. Duk daidai ne. Amma ba wanda ya ce masa a duba kunnen matarka. Wannan shi ne ƙorafina mafi girma a duk labarin, ya fi na kuɗi, ya fi na tafiya. Daga baya na sani cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta rubuta ƙarara: cikin mutum huɗu da suka warke daga Lassa, ɗaya yana samun matsalar ji, kuma rabin waɗannan jin yana dawo musu wani ɓangare cikin wata ɗaya zuwa uku. Abin da ke samun mutum ɗaya cikin huɗu ai bai kamata majiyyaci ya gano shi da kansa a tsakar gida ba. Ba ma sai ciwon ya yi tsanani ba, wanda ya yi ɗan zazzaɓi ya miƙe shi ma yana iya wayar gari babu kunne. Kuma sau da yawa lokacin da ake murnar sauƙi yake zuwa.

Na dama ya mutu murus. Na hagu kamar an tura kaina cikin randa. Ga wata ƙara kamar kukan gyare, dare da rana, ba ta hutu. Abin da ya fi cin rai shi ne ina jin murya amma ba na jin magana. Fara, sara, shara, tsara, duk "ara" suke iso mini, sai in bi hawa da saukar murya in yi canke. Wata rana babbar 'yata ta leƙo ta ce "Umma, in tsaya?" na miƙa mata kuɗi, na ji "in saya". Ta yi dariya, ta ga ban yi ba, ta shiga ɗaki ta yi kuka.

An yi na gida. Surukata ta kawo man zaitun, maƙwabciya ta ce ruwan tafarnuwa, wata ta ja ni gefe ta ce a duba ko iska ce. Ban ga laifin kowa ba, ƙauna ce. Sai dai ɓarnar ba a ramin kunne take ba balle mai ya isa wurin. Can ciki take, bayan dodon kunne, a wani ɗan wuri da ya naɗe kamar katantanwa, inda ƙara ke zama saƙon da jijiya take kai wa ƙwaƙwalwa. Likitan kunne ya ce mini abin da masana suka fi zato shi ne garkuwar jiki ce, garin yaƙi da ƙwayar cutar, take ɓarnata wurin. Ya kuma ce duk jin da ya ɗauke farat ɗaya abin gaggawa ne, a kwanakin farko ake son ganin mutum. Ni na je masa bayan mako bakwai.

Kafin nan akwai ta kasuwa, kuma dole in yi maganarta don na san ita yawancin mutane za su fara saya. Baban yara ya shigo da ita da yamma cikin ɗan kwali mai hoton wani tsohon Bature yana murmushi. Naira 14,000. Ana yi mata caji, tana da ɗan maɓallin ƙara murya da robobi uku, ƙarama da matsakaiciya da babba. Na sa, na murɗa. Abin da na fara ji shi ne fanka, kamar jirgi zai sauka a ɗakin. Sai cokali ya faɗi a tire, na ji har cikin haƙorana. Muryar Baban yara kuwa ta ƙara ƙarfi amma ba ta ƙara fita ba, "ara" ɗin nan ce dai aka sa mata lasifika. Ita ba ta san abin da kunnena ya rasa ba, komai ɗagawa take yi baki ɗaya, da wanda nake ji da wanda ba na ji. Kunnen da ya lalace ta wannan hanya kuma yana da wani hali: ƙaramar ƙara ba ya jin ta, babba kuwa tana yi masa zafi fiye da yadda take yi wa mai lafiya. Kwana tara na jure don kada in karya masa gwiwa. Ranar da aka tayar da injin markaɗe a maƙwabta ina sanye da ita, na cire na jefa a durowa, kaina ya yi ciwo har washegari. Araha ba ta ado. Wanda yake da sauran ji a kunne ɗaya tak, kada ya yi caca da shi a kan wannan.

Likitan kunnen ne ya rubuta mana takarda zuwa wurin gwaji a Jos. Daga Bauchi tafiyar kamar awa biyu ce in hanya ta yi kyau. A mota ƙanina, wanda ya raka mu, yake rubuta mini a waya cewa ai Jos ɗin tana cikin tarihin ciwon: a 1969 wata ma'aikaciyar jinya ta mishan ta kamu a garin Lassa da ke Borno, aka ɗauko ta zuwa asibiti a Jos ta rasu a can, daga nan cutar ta samo sunanta, a shekarar da ta biyo baya likitar da ta yi ɗawainiya da masu ciwon, Dakta Jeanette Troup, ita ma ta kamu ta rasu. Na karanta na yi shiru. Shekara hamsin da biyar, har yanzu ana sallamar mutum ba a ce masa komai game da kunnensa ba.

Wurin bene ne, ɗaki uku, tsaf-tsaf. Abin da ya fara ba ni haushi a teburin karɓar baƙi ne. Yarinyar da ke wurin tana kiran suna kanta a sunkuye, ta bayan kwamfuta, da 'yar siririyar murya. A wurin da duk wanda ke zaune kunne ne ya kawo shi! Sau uku ta kira ni, in ji ƙanina, wanda ya fita sayo ruwa ya dawo ya tarar har an tsallake ni. Wani dattijo da ke gefena tun safe yake zaune, ashe an daɗe da wuce sunansa. Ɗan allo da alli sun isa su magance wannan. Na faɗa musu, na sake faɗa a zuwa na biyu, har yau da baki ake kira.

Mai gwajin kuwa, shi ne dalilin da ya sa ban yi nadamar kuɗina ba. Ina ce masa likita, ya ce "Malama, ni ba likita ba ne, ma'aunin ji ne aikina." Ya ja kujera ya zauna daidai fuskata, ta gefen hagu, haske yana kan bakinsa. Bai ɗaga murya ba, sassautawa ya yi. Tun da na kwanta ciwo shi ne baƙo na farko da na fahimci maganarsa ba tare da wani ya maimaita ba. Ya leƙa kunnuwan da 'yar fitila, ya ce babu datti babu huji. Sannan ya shigar da ni wani ɗan ɗaki mai bango kamar katifa, ya ɗora mini abin sauraro, ya ba ni maɓalli: duk lokacin da na ji ƙara, komai ƙanƙantarta, in danna. Wahalar ita ce gyaren da ke cikin kaina shi ma yana nasa kukan, sai in rasa wanne ne na inji. Ya ce kada in damu, ya san da haka, zai maimaita. Daga nan ya ɗora wani abu a ƙashin bayan kunne ya sake yi. Da wannan ake bambance ko hanyar ce ta toshe ko can cikin ne ya lalace.

Ya nuna mini takardar, ya bi ta da biro. Da desibel ake auna ƙarfin ƙara, kuma mai lafiyar kunne yana jin ƙarar da ba ta wuce desibel 20 zuwa 25 ba. Hira ta yau da kullum tana wajen 60. Kunnena na hagu sai an kai 50 yake fara jin ƙara mai kauri, siririya kuwa sai 70, kuma a siraran nan sa da sha da fa da tsa suke zaune. Na dama ya wuce 100, inji ya kusa ƙure ƙarfinsa. A nan na ga "ara" ɗina a zane.

Gwajin kalmomi ya zo da abin dariya. Jerin kalmomin da zai karanta in maimaita na Turanci ne. Na ce masa ko da kunnena biyu wasunsu sai na yi tunani. Ya yi jim, ya ajiye takardar, ya rufe bakinsa da kwali ya shiga kiran kalmomin Hausa daga kansa: gida, tsani, kifi, shanu. Ya kyauta, amma wurin da rabin masu zuwa Hausa suke ji ya kamata a ce suna da jerin a rubuce.

Sai ya yi abin da ban zata daga mai sayar da kaya ba. Ya ce ba zai sayar mini da komai ranar ba. "Malama, ki koma gida. Wata uku bai cika da tashinki ba, wasu nasu yana dawowa. In na saita miki yau, gobe jin ya canza, kuɗinki ya tafi a banza." Na koma a ƙarshen Yuni. Na hagu ya ɗan motsa, desibel biyar zuwa goma a ƙara mai kauri, na dama yana nan inda yake. Baban yara ya ce a ba mu biyu, ko bashi ne zai ci. Mutumin ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, na dama ko an sa masa ƙara kawai za ta ji, ba magana ba. Ku sayi ɗaya." Ya ambaci dashen na'ura ta hanyar tiyata, wanda ake yi wa kunnen da ya kai wannan matsayi, ya ce maganar miliyoyi ce, kuma tunda na hagu yana da abin kamawa ba shi ne a gabanmu ba.

Naira 420,000 ta tashi, har da robar kunne da saitawa da komawa sau uku kyauta. Na ɗauki adashina, Yaya ya taimaka, sauran kuwa 'yan kunnen gwal ɗin da aka sa mini a lefe ne suka cike. Mai gwal yana aunawa yana ce mini "Hajiya, ba kya so a canza miki da wani ƙira?" Na ce a'a, kunnen da za a rataya su nake nema.

Irin wadda ake ratayawa a bayan kunne ce, tsawonta bai kai ɗan yatsana ƙarami ba, da siririn bututu da ya gangaro zuwa robar da ke cikin kunne. Robar ba ta kanti ba ce. An cusa mini auduga mai zare, aka matsa wani abu mai laushi kamar ƙullun alawa, ya daskare a 'yan mintuna aka zaro siffar kunnena, aka aika da ita. An ce mako biyu, ta yi biyar, kuma ba wanda ya kira ya ba da haƙuri, mu ne muke bin su. Da ta zo ta goge mini fata a wuri ɗaya har ya yi ja, sai da aka kankare gefen a komawa ta farko. Tun daga nan ban ƙara jin ta ba, nakan manta tana ciki.

Ranar sawa ya haɗa ta da kwamfuta, ya shigar da sakamakon gwajina, ta yadda za ta ɗaga siraran sautukan da na rasa ta bar masu kaurin kusan yadda suke, ta kuma danne duk ƙarar da ta yi yawa kafin ta iso ni. A nan ta bambanta da ta kasuwa, kuma wannan aikin ne kuɗin. Da ya kunna, abin da na fara ji shi ne takarda, yana juya takarda a tebur. Sai silifas ɗin yarinyar nan a waje. Sai Baban yara ya ce a hankali, daga bayana, "Kin ji ni?" Na ce na ji, muryarka kamar a rediyo. Haka take har yau, gaskiya. Ba kunnen da Allah ya halitta ba ne, sauti yana da ɗan ƙarfe-ƙarfe. Muryata ma ta dame ni makon farko, kamar ina magana a cikin tulu, taunar ƙuli-ƙuli kuwa kamar ana fasa dutse. Ya ce in fara da awa biyu zuwa uku a rana a cikin gida, in riƙa ƙarawa. Wata guda ya ɗauke ni kafin in wuni da ita. Gyaren bai tafi ba, amma in tana kunne yana komawa can baya, sai dare in na cire yake dawowa gaba.

Yanzu ga abin da takardar cikin kwali ba ta faɗa ba, ita da aka rubuta da harsuna bakwai babu Hausa babu Larabci.

Hijabi. Makirfon ɗin a saman na'urar yake, daidai inda yadi yake kwanciya. Duk juyawar da na yi sai in ji fuuu, shaaa, kamar ana jan buhu. In hijabin ya matse kuma sai ta kama fito, tsiii, wanda ni wani lokaci ba na ji amma na kusa da ni suna ji. A sahun sallar tarawihi wata baiwar Allah ta yi ta waige-waige tana neman wayar da ke ƙara. Na kai kuka Jos, ya rage wani abu a saitin, fiton ya ragu sosai. Sauran ni na gano da kaina: yadi mai santsi mai nauyi ya fi surutu, auduga mai laushi ta fi shiru, ɗankwali kuma in ɗaura shi sama da kunne, ba a kansa ba, telata ta buɗa mini wuyan hijabai uku ta gefen hagu kaɗan. Wanda ya ƙera abin nan bai taɓa zama da mai lulluɓi ba.

Alwala. Ba ta son ruwa, ga shafar kunne sau biyar a rana. Sai na cire, in sa a 'yar jakar da na ɗinka na rataya a wuya, in yi alwala, in tsane kunnen da gefen mayafi, sannan in mayar. Sau ɗaya na ajiye ta a bakin rijiya na juya, kaza ta kai mata sara. Tun ranar jakar ba ta barin wuyana.

Da hunturu ƙura takan toshe ƙofar makirfon, murya ta dusashe, sai na bi da ɗan burushin da aka ba ni kowane dare. Da bazara gumi ne abokin gaba. A watan Afrilun 2025, ana tsakiyar zafin Bauchi, ta fara ɗaukewa tana dawowa, rannan ta yi shiru gaba ɗaya. Na kai, aka ce gumi ya shiga, sai an aika Legas. Garantin shekara ɗaya ne kuma an ce bai shafi ruwa ba; mai gwajin ne ya tsaya mini aka gyara ba a karɓi komai ba. Amma kwana 23 na yi babu ita, kuma ba su da ta aro da za su ba mutum ya riƙe. Wanda ya saba da ji aka mayar da shi randa, wannan karon ya fi na farko ciwo. Na ɗauki hutu a makaranta. Wurin da yake karɓar dubu ɗari huɗu a hannun mutum ya kamata ya ajiye ko guda biyu na aro. Yanzu kowane dare ina buɗe murfin batir, in sa ta a kwalbar da ke da ƙwayoyin tsotse danshi, in rufe. Na ɗinka mata 'yar riga ta auduga saboda gumi.

Batir ɗin lamba 13 ne, mai takardar ruwan lemo a bayansa, ƙanƙane kamar ƙwayar magani. Da iska yake aiki: da ka ɓare takardar ya fara ci, ko ka sa ko ba ka sa ba, kuma ana so ka jira kamar minti ɗaya bayan ɓarewa kafin ka saka. Yana yi mini kwana tara zuwa goma sha ɗaya. In ya kusa ƙarewa takan yi ɗan kiɗa a kunne, saura 'yan mintuna ke nan. Akwai mai caji, ta fi tsada, na ƙi ta saboda halin wutarmu; wanda ya kwana uku babu wuta ya kwana uku babu kunne. Matsalar ita ce samun batirin. Na zaga shagunan magani a Bauchi, wasu na agogo suke miƙo mini, wanda ba ya yi. Na taɓa samun na gaske a wani shago, ashe ya daɗe, kwana uku ya mutu. Yanzu kati huɗu nake saya in na je Jos, ina duba kwanan watan da ke jiki. Masu ƙananan yara su ɓoye shi da kyau, sabo da tsoho, haɗiye shi haɗari ne babba. Bututun ma yana tauri ya yi rawaya bayan wata huɗu ko biyar, in ya tsage fito ya dawo.

A ɗaki, mutum ɗaya ko biyu, ina jin kusan komai. A waya ina ji in na ɗora ta sama kaɗan, daidai makirfon, ba a kan ramin kunne ba. Wata biyu na yi ina kuskuren wannan. Huɗubar Juma'a daga lasifika tana shiga in ban zauna kusa da bango ba. Gidan biki kuwa sai a hankali: mata talatin suna magana lokaci guda, ga kiɗa, ga yara, duk sai su dunƙule. Nakan sami kusurwa in ba taron kunnen dama, in fuskanci wadda nake hira da ita. Gani ya kori ji, in ji masu magana, ni dai yanzu gani ne yake tallafar ji, bakin mutum nake kallo. A Kasuwar Wunti rage ta nake yi. Abin da ba ta iya ba ko kaɗan shi ne gaya mini daga ina ƙara ta fito, wannan aikin kunne biyu ne. In an kira ni sai na juya ko'ina. A bakin titi ba na yarda da kunne, sau biyu Keke Napep ya kusa kwashe ni ta dama. Da dare kuma, tunda ba a kwana da ita, na koma kwanciya a gefen dama don na hagu ya kasance a sama; Baban yara ya ce ciwo ya koya mini sunnar da wa'azi bai koya mini ba. Kiran asuba duk da haka sai an taɓa ni.

Yara a makaranta sun ɗauka Bluetooth ce, wai Malama tana sauraron waya a aji. Na cire na nuna musu, na ba su labarin ɓera da buhun masara. Gara su ji daga bakina da su ji ana cewa Malama ta kurumce. Manya ne suka fi wuya. Akwai masu yi mini ihu a kunne, alhali ihu murɗe magana yake yi, akwai masu tambayar Baban yara "ya jikin nata?" ina tsaye a wurin.

Wanda ya tashi daga Lassa, ko nasa ya tashi, ya nemi a gwada masa ji kafin ya bar asibiti ko a makon farko, ko da yana ganin lafiya lau yake, don in kunne ɗaya ne ya tafi mutum yakan daɗe bai lura ba. Manyan asibitocin koyarwa suna da sashen kunne da hanci da makogwaro, a Kaduna kuma akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa. In an zo saye, a tambayi abu huɗun da ni ban tambaya ba sai da na ƙone: sau nawa za a sake saitawa kyauta, ina ake gyara in ta lalace, za a ba da ta aro, kuma ina ake samun batir a garinku. Wurin da na je, mai gwajin ya ci tara cikin goma a wurina, teburin gaba da sashen gyara ba su wuce huɗu ba. Na'urar kanta zan ba ta bakwai, kuma da za a mayar da ni baya zan sake kai 'yan kunnen wajen mai gwal.

Ajin ƙanana, masu karatu da baki ɗaya su arba'in, na bar wa wata malama, ba zan iya ba. Ajin hadda na riƙe, da sabon tsari: ɗaya bayan ɗaya, a kan tabarma, ta hagu, fuska a buɗe tana kallona, sauran su yi muraja'a a waje ƙarƙashin dalbejiya. Yana cin lokaci, wanda dā nake gamawa kafin la'asar yanzu yana kai ni kusan magariba. Sa mai ɗigo uku har yanzu da ido nake kama ta, ina duba ko harshe ya leƙo tsakanin haƙora. Sinun da sadun kuwa sun dawo. Makon jiya wata yarinya tana kawo Fatiha, kaina yana sunkuye ina neman biro a jaka, ta sirantar da sadun ɗin. Na ce "maimaita" kafin in ɗago. Ta maimaita daidai, ta wuce, ba ta ma san an yi wani abu ba.

Ranar Talata zan koma Jos. Bututun ya fara tauri, batir saura kati ɗaya, kuma na sayi ɗan allo da alli zan ajiye wa yarinyar nan a teburinta.